Odar Gaisuwa

A hanyar Madarumfa zuwa Ɗan Issa na koyi tuƙi, inda direba ba ya wuce dattijo bai danna masa oda ba. Gaisuwa ce a wurinmu.

Da na koma Turai da zama, na tarar doka ta sake. An daina musanya permin ƙasarmu, wato lasisin tuƙi, da nasu, sai mutum ya sake jarrabawa, ko da ya yi furfura yana tuƙi. Raina ya ɓaci, amma na je.

Muna cikin tafiya da matar da ke jarraba ni, sai ga wani tsoho a bakin titi. Kafin in ankara hannuna ya danna oda. Ta tambaye ni wane haɗari na hango. Na ce babu, babba na gaida. Ta kayar da ni.

Karo na biyu na ci, don na koyi wuce mutane shiru.

Bara na zo gida. Ina tuƙi na wuce kawuna a bakin tabki yana gyaran taru, idona na kan hanya. Da la'asar ya iske ni har gida, ya ce, "Ɗana, laifin me na yi maka?"