Kakana da Gogen Turawa

Jiya a Madawa na ji kiɗin wani tsohon fim mai sa fargaba, sai kakana ya faɗo mini a rai. Mai gogen bori ne da ya tuba, ya ƙone gogensa. Na daɗe ina son ya yi mini hirar kiɗi, don haka wani hantsi can baya a Karofane na kunna masa wannan kiɗin: tarin goge suna rarrafe a hankali, kamar maciji cikin rumbu.

Ya daka mini tsawa: "Ke, kashe wanga abu! Suna kiran abin da ba su iya sallamatai. Ragwaye!"

Na kashe, raina a ɓace. Amma yatsunsa na hagu ba su daina motsi bisa sandarsa ba. Hirar da na samu ke nan har ya rasu.

Allah Ya raba ka da duk abin da ka taɓa kira, Kaka.