Ruwan Zafi a Ƙafar Yaya

A hawa na biyar muke zaune a wani bene a titin Grand Concourse, can ƙasar Turawa, kuma lif ɗin gidan, na'urar hawa sama, ya fi kwana a lalace. Shi ya sa na san takun kowa. Yayana matakala bibbiyu yake haɗawa. Kwaleji ta ɗauke masa nauyin karatu saboda wasa: da kaka ƙwallon ƙafa, da sanyi ƙwallon kwando, da bazara gudun tsallake shinge. Inna takan ce ba ta taɓa ganin yaron da ba shi da lokacin zama ba sai shi.

Wata Laraba na ji yana hawowa ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa. Da ya shigo na lura igiyar takalminsa na hagu a kwance take. Ya ga inda idona yake, ya girgiza mini kai. A kicin ya faɗa mini ƙasa-ƙasa cewa ya gurɗe wajen atisaye, ran Asabar kuma akwai tseren da koci zai duba waɗanda zai riƙe baɗi. In aka san ya ji ciwo, wani za a sa. In ba wasa, ba karatu.

Inna ba ta buƙatar a faɗa mata. Kafin la'asar ta ɗora ruwa, ta zaunar da shi, ta shiga gasa ƙafar da tawul, ta mulke ta da man zafi. A makarantarmu na ga an ɗora wa wata yarinya ƙanƙara a irin wannan ciwo. Na buɗe firij har sau biyu, na taɓa ledar kuɓewa da ta daskare, na mayar. Shekarata goma sha ɗaya, ban taɓa gyara wa Inna aiki ba.

Ran Juma'a ƙafar ta zama kamar tulu, yatsun sun yi baƙi. Bayan masallaci Baba ya taho da wani dattijo mutumin Nijar mai sayar da huluna a bakin titi, wanda ya gaji ɗori wurin mahaifinsa. Dattijon ya tsoma ƙafar a robar ruwan zafi, ya ce targaɗe ne, in an ja zai koma. Ya tsokani Yaya wai ƙato kamar wannan yana tsallake shinge amma yana tsoron hannun tsoho. Yaya ya yi dariya, amma na ga yadda ya damƙe hannun kujera.

Sai wayar bango ta yi ƙara. A gidanmu in Turanci ne ni ake miƙa wa. Kocin ne. Ya ce kwana biyu bai ga Yaya ba, lafiya? Daga ƙofar kicin ina hango dattijon yana naɗe hannun riga. Yaya ya ɗago, ya kafe ni da ido.

Na juya wa falon baya, na ce ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya takawa. Kocin ya ce kada wanda ya ƙara taɓa ta, a kai shi asibiti yanzu.

Baba ya tambaye ni me aka ce. Na maimaita da Hausa. Dattijon ya saki ƙafar a hankali, ya goge hannu.

"Wa ya aike ki?" in ji Yaya.

A asibiti hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Aka sa masa filasta, wani ya yi tseren. Kocin ya ce zai jira kaka ya gani, bai yi alkawari ba. Bazarar nan gaba ɗaya Yaya bai yi mini magana ba, ko gishiri yake so sai ya ce Inna ta ce a miƙo.

Da kaka, ina aikin gida a tebur, na ji taku a matakala. Na ajiye fensir. Bibbiyu ne, amma ƙafar hagu tana ɗan jinkiri. Ya shigo da rigar ƙungiya a kafaɗa, ya jefa mini ita a kan littafi, ya ce in wanke.