Zauren da Bawa Ya Gina wa Sambo

Bawa magini mutumin Gwandu ne, amma a Kalgo ya ƙarar da ƙarfinsa. Gajere ne, ga taurin kan tsiya. Ka nuna masa inda kake son ƙofa, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Bayan farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa Kalgo, suna kwana a rumfunan kasuwa. Cikinsu har da Sambo, daga wajen Dangoma, wanda shanunsa suka ƙare, saura awaki biyu. Mai unguwa ya yanka masa fili a bayan gari, aka kira Bawa.

Damina ta kawo kai, Sambo ɗakin kwana yake so. Bawa ya ce da zaure za a fara.

"A zaure za mu kwana, baba?"

"Shekararka guda a garin nan, wa ya taɓa yi maka sallama?" in ji Bawa. "Wanda ba shi da zaure, ba a san inda za a tsaya a kira shi ba. Ba goron suna, ba na ɗaurin aure. Baƙo za ka mutu."

Zaure ya tashi, ƙofarsa na duban hanyar masallaci. Iyalin suka ci damina a bukka suna jin haushin Bawa. Shi kuwa Sambo, bawan Allah, ya ga ɗaki mai kyau ba kowa, sai ya ɗaure awakinsa a ciki. Maƙwabcinsa Mamman ya zo gaisuwa, ya leƙa, ya juya. Da Bawa ya ji, da kansa ya zo ya kwance awakin, ya share wurin, ya shimfiɗa tabarma. Sati uku kullum la'asar yana zama da Sambo, har masu wucewa suka saba tsayawa.

Irin wannan zaure Bawa ya gina wa baƙi goma sha ɗaya. Nasa kuwa ruwan casa'in da huɗu ya rushe shi, kullum sai ya ce bayan girbi zai gyara. Ya rasu a casa'in da bakwai, ba ɗa namiji, dangi suna Gwandu, aka rasa inda za a zauna makoki. Sambo ya ce a zo nasa.

Kwana uku mutanen Kalgo, har liman, suna cire takalmi a ƙofarsa suna miƙa masa hannu: "Malam Sambo, yaya muka ji da haƙuri?" Ya amsa wa kowa. Sai da na ƙarshe ya tafi, sannan ya yi kuka.