Baba Tamada, Mai Awon Zare da Haƙori

Kafin kwale-kwalen farko ya dawo gaɓa a bakin ruwan Yelwa, Baba Tamada ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin mangwaro, ya miƙe ƙafafu, ya saƙala bakin taru a babban yatsan ƙafa. Allurar katako tana hannun dama, idon taru a hagu, zare kuwa yana baki. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan yana ɗinke wa masunta tarunsu, tun daga Shanga har ƙauyukan Ngaski. A gungun da ruwan Kainji ya cinye aka haife shi. Yana ƙarami aka kwaso su zuwa tudu, sana'ar mahaifinsa ta biyo shi.

In ya yi dariya, kuma ba ya rowarta, za ka ga wani ɗan kwari mai santsi a haƙorinsa na gaba. Zare ne ya ci wurin saboda jan ƙulli. Da wannan kwarin yake awo. Duk masuncin da ya sayo zare a kasuwa sai ya biyo ta gindin mangwaro. Baba ya ja guntu ta cikin kwarin, ya lumshe ido. In ya zauna daram, a je a yi aiki. In ya yi rawa ko ya yi kaushi, ya tofar.

Kowa a bakin ruwa ya san ranar da Mamman, wani masunci mai taurin kai, ya zo da ƙunshin zare yana taƙama.

"Baba, wanga na waje ne, dubi takarda tai."

Baba ya ja, ya tofar. "Takarda za ta kamo maka giwan ruwa? Mai da musu, ko akuya ba ya ɗaurewa."

Mamman bai ji ba, ya je ya ɗinke tarunsa da zaren. Kwana shida tarun ya fashe, kifi ya koma inda ya fito. Ya dawo yana sosa ƙeya. Baba bai yi masa faɗa ba, kwana biyu ya yi a kan tarun har ya gyaru. Sai da zai miƙa masa ya tambaye shi lafiyar takarda.

Da daminar bana haƙorin ya fara ciwo, kunci ya kumbura. 'Yarsa Gambo ta tasa shi gaba har asibiti. Likitan haƙori, wani matashi mai suna Joshua, ya haska bakin, ya daɗe yana kallo.

"Baba, saƙa kake yi ko tufka?"

"Wa ya gaya maka?"

"Haƙorinka. A makaranta an nuna mana hoton ƙasusuwan mutanen da suka mutu shekaru dubbai. Ba su bar rubutu ba, ba a san sunayensu ba. Masu bincike suka ga irin wannan kwarin a haƙoransu, da shi suka gane masu tufka igiya ne da masu saƙa."

Baba ya yi dariya har ya dafe kunci. "Ashe ina da abokan sana'a can ƙasa! Su an cire musu nasu?"

"A'a, Baba."

"To ni mi na yi maka?"

Likita ya ce saiwar ta ruɓe, in aka bar shi ciwon zai shiga muƙamuƙi. Ba zafin cirewa ya dami Baba ba. Lokacin sayen zare ya ƙarato, kasuwa ta cika da na banza, kuma mutane da yawa abincin gidansu yana cikin taru ɗaya ne.

"In ka cire shi, ɗana, da mi zan auna musu?"

Gambo ta ce, "Baba, kai za mu rasa saboda zaren su Mamman?"

Ya yarda, bisa sharaɗi guda: kada a fasa shi, a ba shi abinsa a hannu.

Kai ne, Baba Tamada, wanda bai taɓa jefa taru ba amma kifin kowa ya bi ta bakinka. Kai ne ka zauna a kan aiki ɗaya har ya sa maka hannu a jiki. Irinmu da muka bar makaranta da wuri, muka taɓa kabu-kabu, muka taɓa dako, ba mu daɗe a ko'ina har wani abu ya bar mana alama ba.

Yanzu ya ajiye allura, domin ƙulli ba ya jawuwa da giɓi. Amma yana nan gindin mangwaro kullum, haƙorin yana cikin gwangwanin man zafi a aljihunsa. Mamman ne ya fara kawo zare bayan an cire. Baba ya buɗe gwangwani, ya riƙe haƙorin da yatsu biyu, ya ja zaren ta cikin kwarin, ya lumshe ido kamar dā.

"Wanga ya yi. Bana ka yi hankali."

Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Samarin bakin ruwa, mu je mu zauna kusa da shi mu koyi ƙullin nan tun yana iya nuna mana. Waɗancan mutanen sai da aka tono su bayan shekaru dubbai aka san aikinsu. Namu yana nan da ransa, yana dariya da giɓinsa, kuma mun san sunansa.