Kunnen Hagu na Bakanike

Shekara talatin da ɗaya Zomo yana gyaran mota, kuma direbobi ne suka laƙaba masa sunan saboda kaifin kunnensa. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Yakan kafa tsinin doguwar sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnen hagu, ya lumshe ido, sannan ya faɗi ciwon. Kunnen dama kuwa tuni hayaniyar gareji ta cinye rabinsa. Ga shi da faɗa. Duk wanda ya kawo mota a makare sai ya sha wankin babban bargo: "Tun tana tari ba ka kawo ta ba, sai da ta suma?"

Wata Talata da safe ya tashi kunnen hagun ya yi ɗif, sai wani zuuu a ciki. Ba zafi, ba ruwa.

Matarsa ta ce, "Maigida, mu je asibiti mana."

"Toshewa ce irin ta kabireta. Da an wanke za ta buɗe."

Ya ɗiga mai, ya cusa auduga, ya yi ta sakace. Wanzami dai ba ya son jarfa. Haka aka kwashe sati biyar kafin ya yarda suka je asibiti.

Likitar kunne ta leƙa, ta ce babu datti ko kaɗan, jijiyar ji ce ta can ciki ta taɓu. Wani lokaci ƙwayar cuta ce, wani lokaci jini ne bai isa wurin ba, sau da yawa ma ba a gano dalili. "Baba, da ka zo a kwanakin farko, akwai maganin rage kumburi da kan dawo da ji. Za mu gwada, amma an makara."

Matarsa ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa ma, da ya fi masa sauƙi. Aka gwada maganin, jin bai dawo ba.

Ranar da ya koma aiki, tsohon direban da ya fara kiransa Zomo ya kawo motarsa tana ƙwanƙwasa, har mai facin taya na tsallaken titi ya ɗago kai. Zomo ya kafa sukundireba, ya manna a hagu don sabo. Ya mayar dama. Ya daɗe a sunkuye, girgizar injin kawai yake ji a haƙoransa. Ya rufe bonet a hankali.

"Kai ta wurin wani, abokina," ya ce. "Yau ɗin nan. Kada ka jira."