Ƙasar da Baffa Bai Gani Ba

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, tambaya ɗaya ce ta dame shi tun ina yaro. Duk sa'ad da jiragen soja suka keto ta saman rugarmu a ƙasar Doguwa, shanu suka firgita, sai ya dogara sandarsa ya bi su da kallo har su ɓace bayan duwatsu. Sannan ya ce, "Shin mutumin da ke ciki me yake gani? Yana ganin shanuna kuwa?" Babu mai ba shi amsa. Ni kaina da na yi boko har na samu aikin kula da injinan ruwa a Tiga, ba ni da abin cewa, don ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba.

A tsakiyar shekarun casa'in amsar ta biyo ni har ɗaki. Wani injiniya ɗan ƙasar waje da muka yi aiki tare ya gama kwangilarsa zai koma gida, ya bar mini kwamfutarsa, akwati dogo da allo mai nauyi kamar talabijin. A cikinta akwai wasan tuƙa jirgin yaƙi. Kana kunnawa sai ka gan ka zaune a kujerar matuƙi, agoguna a gabanka, titin tashi a miƙe. In ka ɗaga sama, ga ƙasa nan shimfiɗe a ƙarƙashinka: koguna, tsaunuka, gonaki, har da wani tafki da na rantse wa matata cewa dam ɗinmu ne. Akwai jiragen abokan gaba da ake so ka kakkaɓo, amma ni ba su dame ni ba. Ƙasar nake kallo, ina tuna Baffa.

Kafin injiniyan ya tafi ya kwance murfin akwatin ya nuna mini wasu 'yan alluna huɗu sirara, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, a jere a tsaye. Ya ce su ne ƙwaƙwalwar na'urar, kuma wasan nan mayunwaci ne, sai da su duka yake tashi daidai. To mu a gidanmu duk abin da ya shigo hannu sai an yi masa shaida. Shanunmu tsaga biyu ce a kunnen hagu, har ƙorai da tabarmi suna da ita. Tun da ba a tsaga kunnen kwamfuta, sai na ɗebo jan fentin da muke shafa wa bututu, na sa tsinke na ja layi biyu a gefen kowane allo. Injiniyan ya yi ta dariya, na bar shi ya yi abarsa.

A wannan shekarar ce idon Baffa ya fara tafiya. Likita a Kano ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya. Da na gaya wa Baffa abin da ke ɗakina, sai ya ce, "Gani ya kori ji. In an cire amfanin gona, shanu sun shiga kara, zan zo."

Sai na so a yi abin da kyau. Da madannan rubutu na kwamfutar nake tuƙi, ɗan danna nan ɗan danna can, ni kuwa so nake Baffa ya riƙe wani abu a hannunsa. Na samo sandar tuƙi ta hannu a kasuwa a Kano, na dawo na juya akwatin, babu ramin da za a soka ta. Ashe sai an dasa wani allo na sauti, shi ke zuwa da ramin, kuma shi zai sa a ji rurin jirgi maimakon ɗan kukan tsiyar da kwamfutar take yi.

Nan aminina ya shigo. Tun makarantar koyon sana'a muke tare, kwano ɗaya, bargo ɗaya. Shi ne babban abokina ranar aurena. Yana da shagon gyaran rediyo da talabijin a Tudun Wada, ya kuma ajiye wata tsohuwar kwamfuta yana buga wa mutane takardu. Baffa "ɗana" yake ce masa. Ranar da muka je asibiti ma tare muka je, shi ya riƙe hannun Baffa a kan matakala, a gabansa likita ya faɗi abin da ya faɗa.

Ya ce, "Mutumina, wannan ai aikin shan shayi ne. Kawo ta shago."

Na kai ta a mota, na rungume ta a cinya kamar jaririya. Bayan mako ya dawo mini da ita da kansa. Sanda ta kama, sauti ya fito, maƙwabta har suka leƙo suna tambayar ko injin niƙa na sayo. Amma ina ɗaga jirgi sama sai abin ya canza. Hoto ya tsaya cak, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. In na karkata sanda hagu, sai na gama haɗiye yawu kafin jirgin ya karkata. Akwatin kuwa sai ƙurr-ƙurr yake yi, 'yar jar fitilarsa tana ƙyaftawa ba hutu.

Na ce, "Aboki, ai ba haka take ba."

Ya ce, "Sandar ce ke shan ƙarfinta. Za ta saba."

Na kuma lura da wani abu. Da, in an kunna ta, takan yi ta jero lambobi a saman allo kafin ta farka. Yanzu kafin ka zauna ta gama. Da na faɗa masa ya buga kafaɗata ya ce, "Kai fa baƙauye ne har gobe. Sauri na ƙara mata." Wallahi har godiya na yi masa.

Daga nan na shiga wahalar da ban taɓa shiga ba. Ya ce zafi ne, na ajiye fanka a bayanta, na jiƙa buhu na rataya a taga. Ya ce wutarmu ce ba ta da ƙarfi, na ari na'urar daidaita wuta a wurin aiki. Ya ce ƙura ce, na bi ramukan iskarta da famfon keke ina hurawa. Na cire sandar, bai canza ba. Na kashe sauti, bai canza ba. Na goge wasan na sake ɗora shi daga faya-fayansa ɗaya bayan ɗaya, na yini a kai, matata tana cewa in dai ba aljani na ajiye a ɗakin ba to in fito in ci tuwo. Akwai wani ɗan maɓalli a gaban akwatin da aka ce na ƙarin gudu ne, na danna shi har ya fara lotsewa.

Abu ɗaya ne ya yi aiki. A cikin wasan akwai inda ake rage kwalliyar hoto. Na cire gajimare, ya ɗan motsa. Na cire inuwa da gonaki, ya ƙara. Sai da na cire koguna da tsaunuka da tafkin nan kaf, sannan jirgin ya tashi sumul. Ƙasa ta koma kore fetal, ba ko ɗigo a kanta.

Za a ce me ya hana ni kwance noti huɗu in leƙa ciki? Ga sukurudireba a aljihuna kullum, aikina ke nan. To mu a wurinmu, in ka ba ɗan'uwanka kiwon shanunka ya dawo da su, ba ka tsayawa a bakin garke kana ƙirga. Yin haka daidai yake da ka kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Da wannan aka raine ni. Aminina ya ɗaure murfin nan da hannunsa, in na kwance shi na zage shi ke nan. Ko a raina abin bai taɓa zuwa ba, kuma shi ya san ba zai zo ba, don ya san gidanmu ciki da bai.

Baffa ya zo bayan kaka kamar yadda ya ce. A lokacin idon dama ya tafi, na hagu yana ɗan gani in abu na kusa. Na zaunar da shi, ya matso har hancinsa na neman taɓa allo. Na fara gwada masa da cikakken hoto ko Allah zai sa a dace. Hoton ya yi ta tsalle-tsalle, ya ce kansa na juyawa, in tsayar. Dole na cire komai. Jirgi ya tashi lafiya lau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai tabarma ce. Ina kogin?"

Na ce, "Baffa, na'urar ce ba ta da lafiya. Ana kan gyara. Ka ƙara mini haƙuri."

Ya ce, "Ba komai. Ɗana ai zai gyara." Aminin nawa yake nufi.

Rani ya wuce, bazara ta shigo. Duk aiken da na yi Tudun Wada amsa ɗaya ce, wai akwai wani ƙarfe da yake jira daga Legas. Ran nan aka ce mini Baffa ya fara laluben bakin bukka, na kama hanyar Doguwa. Motarmu ta tsaya a Tudun Wada ana gyaran taya, na ce bari in leƙa shago mu gaisa.

Tun daga bakin titi na ji rurin. Na san shi kamar muryar ɗana. Na shiga na tarar da mutane tsaitsaye, teloli da direbobi, aminina zaune a tsakiya yana tuƙa jirgi a tsohuwar kwamfutarsa, wadda da ko takarda sai ta yi nishi take bugawa. Jirgi yana shawagi kamar shirwa, ga koguna, ga tsaunuka, ga tafkina. Saboda zafi ya cire murfin akwatin ya sa mata fanka. Na durƙusa na leƙa. Alluna huɗu a jere. Biyu ban san su ba. Biyun kuwa, jan layi biyu-biyu a gefensu.

Rana dubu ta ɓarawo. Amma wallahi ban ji daɗin kamun ba.

Ya juyo ya gan ni, ya ga inda nake kallo. Ya yi 'yar dariya ya ce, "A'a, mutumina, saukar yaushe?"

Na ce, "Shaidar gidan wa ce wannan?"

Ya ce, "Haba, aro fa na yi. Dama ina shirin mayar maka. Kai wasa kake yi da su, ni kuwa sana'a nake, da su nake ciyar da iyali."

Na ce, "Sana'ar ce wannan da ke kan allo?"

Ya kai hannu ya rage sautin.

Na ce, "Da ka roƙe ni, bayan Baffa ya gani, da duka huɗun na ba ka har da akwatin. Kai ka riƙe hannunsa a asibiti. Kai ka ji abin da likita ya ce. Ka sa ni ina jiƙa buhu, ina hura ƙura da famfon keke kamar mahaukaci, kana nan kana yi wa direbobi burga? Tir! Allah ya isa."

Wani dattijo a cikin masu kallo ya ce in yi haƙuri, abin bai kai nan ba, ɗan ƙarfe ne. Na ce masa, "Baba, da ɗan ƙarfen ne kawai da ban ɗaga murya ba." Na zare wayar wutar da hannuna, na ciro allunana biyu, na naɗe su a hankici na fita. Bai biyo ni ba, kuma daga ranar ko a jana'iza muka haɗu sai dai kowa ya kalli gabansa.

Ban kwana a Doguwa ba. Na ɗauko Baffa a ranar muka wuto Tiga. Na kwance murfin, na mayar da allunan ramukansu biyu da na tarar wayam, na kunna. Ta jero lambobinta har ƙarshe kamar da. Na mayar da gajimare, da gonaki, da koguna, da komai. Jirgi ya tashi sumul, hoton ko gezau bai yi ba.

Na zaunar da Baffa, na ɗora hannunsa a kan sandar. Ya matso da fuskarsa har goshinsa ya taɓa gilashin. Ya juya ta hagu, ya juya ta dama. Ya ce, "Ka kunna?"

Na ce, "Na kunna, Baffa. Muna sama."

Ya ja da baya ya gyara zama, bai saki sandar ba. Rurin jirgi ya cika ɗakin. Can ya ce, "To, faɗa mini."

Na fara faɗa masa. Ga kogi a hagunmu ya yi kwana ya shiga tsakanin duwatsu biyu. Ga gonaki. Ga hanya ta miƙe. Ga ruwa mai faɗi kamar na Tiga. Baffa yana ta gyaɗa kai.

Ya ce, "Shanu fa? Ana ganinsu?"

Babu saniya ko ɗaya a wasan nan, waɗanda suka yi shi ba su sa ba. Na dubi idanunsa na ce, "Ana gani, Baffa. Ga su can bakin ruwa."

Ya ce, "Madalla. Dama na ce ba zai rasa ganinsu ba." Sannan ya ce, "In ka ga ɗana, ka ce na gode da gyara."

Ban gaya masa ba har ya koma ga Allah. Saƙon kuwa ban isar ba, kuma ba zan isar ba.