Ƙyauren Inna da Dutsen Niƙa

Ni dai ban taɓa ganin mace mai taurin kai irin uwar mijina ba, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa son wata tsohuwa kamar yadda na so ta ba. Inna muke ce mata. An kawo ni gidan ne a wani ƙauye kusa da Dancawo, zamanin mulkin Nasara, shekarun da gyaɗa ta yi daraja har mutane suka riƙa rage gonar gero suna shuka ta. Mijina maƙeri ne, kuma shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son wani abu a wurinsa sai ta dubi bango ta ce a gaya wa wancan, ko da kuwa yana tsaye a gabanta.

Ɗakinta na da wani ƙyaure da marigayi mijinta ya sassaƙa da itacen gawo, mai kaurin gaske. Irin na da ne, mai ƙafa ɗaya da ke juyawa cikin rami, ga shi kullum yashi na cika ramin, sai ka sa hannu biyu ka ɗaga shi sannan ka ja. Ni da ƙuruciyata ma sai na yi nishi.

Ana nan wata rana Inna ta faɗi a bakin murhu tana suyar ƙuli-ƙuli. Da ta farfaɗo, hannun hagu da ƙafar hagu sun shanye. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan har tana jan ta da sanda, amma hannun bai dawo ba. To sai ƙyauren nan ya zama mana aiki. Muka ce a cire shi a rataya asabari, ta ce sam, awaki su shiga su ɓarar mata da mai? Kuma hannun mijinta ne ya yi shi, ba mai fitar mata da shi tana da rai. Muka ce to in tana son fita ta yi kira. Nan ma ta ƙi. Ɗanta ba ta iya kiransa don kunya, ni kuma ta ce ba gadin ƙofa aka kawo ni ba. Sai ta zauna ciki shiru har wani ya tuna da ita. Akwai ranar da na makara wajen rijiya, na dawo rana ta fito Inna ba ta yi sallar asuba ba. Na tarar da ita zaune da buta a gabanta, ko kallona ba ta yi ba, ni ce ma na yi kukan.

A cikin wannan hali ƙanenta ya zo dubiya. Kawu ɗan kasuwa ne a ƙasar Ingilishi, tsallaken iyaka, wajen Ɓaɓura, mutum mai kirki amma in ya yanke magana ya yanke. Ya ga yadda ake, ya ce da an gama cirar gyaɗa zai zo da jaki ya tafi da yayarsa gidansa, inda 'yan mata ke da yawa, wata ta buɗe wata ta rufe. Mijina ba shi da bakin musa wa kawunsa. Inna kuwa sai da ya tafi sannan ta ce da ni:

"'Yar nan, ɗakin nan aka kawo ni ina amarya. Daga cikinsa za a ɗauke ni."

Na san ba jaki take nufi ba.

Ran wata kasuwar Magarya na bi mijina, ni da tallan mai, shi da neman tsofaffin ƙarafa a garajin kamfanin gyaɗa, inda ake ajiye kamiyo, wato manyan motocin kaya. Ƙofar wurin ta ƙarfe ce, faɗinta ya isa kamiyo ta shiga da lodinta. Muna tsaye sai ga wani tsohon mai gadi, siriri, yana taunar goro, ya sa hannu ɗaya ya ɗaga ta, ta tafi sama sululu ta tsaya. Na ce la'ilaha illallahu, wannan kam aikin aljanu ne. Mijina ya yi dariya, ya ja ni gefe ya nuna mini sarƙa da ta tashi daga ƙofar, ta haye kan wani gargaren ƙarfe mai kwari a tsakiya, ta sauko ta ɗaya ɓangaren da tano, wato gangar ƙarfe, cike da yashi a rataye. Ya ce in ƙofa na hawa tano na sauka, in tano na hawa ƙofa na sauka. Nauyin bai je ko'ina ba, abokin ja aka samo masa, shi ya sa hannun tsoho ya isa. Ni da wasa na ce da ma ƙyauren Inna haka yake. Sai ya sake duban tanon. Har muka kamo hanyar gida hankalinsa na kan ƙofar nan, jakinmu ya faɗa gonar mutane yana cin wake bai ma lura ba, sai da na daka masa tsawa.

Kashegari ya ciro ƙyauren, Inna na zaune tana hararar bango tana cewa a gaya wa wancan in ya fasa mata shi ba ta yafe ba. Ya ƙera zobba na ƙarfe ya rataye ƙyauren daga sama a jikin azarar ƙofa, yadda zai riƙa buɗewa waje ya ɗaga sama maimakon ya juya gefe. Ya kafa doguwar dirka a gaban ɗakin, ya ɗora mata gargaren da ya ƙera da hannunsa, ya ɗaura igiya a gindin ƙyauren ya haurar da ita ta kai. Saura abin ratayawa. Ƙasarmu kuwa yashi ce zalla, sai ka wuni kana yawo ba ka ga dutsen jifan kare ba. Ya gwada buhun yashi, awaki suka huda shi. Ya gwada tulu, ya bugi dirka ya fashe. Yana tsugune yana sosa ƙeya sai Inna ta ce a gaya wa wancan akwai dutsen niƙanta a bayan ɗaki, mai hannu ɗaya ba ta da abin yi da shi. Dutsen nan uwarta ce ta ba ta ranar da za a kawo ta, daga nesa aka ɗauko shi.

Ya saƙa masa ragaya ya rataye. Gwajin farko, yana taɓa ƙyauren ya yi sama da gudu ya kwashe masa hula, saura kaɗan ya tafi da haɓarsa. Na yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ba zan taimaka ba in tafi in yi tuwo. Ban tafi ba, don kallon aikinsa ya fi mini tuwo daɗi. Ya matsar da dirkar baya, ya gwada, ya dawo da ita kaɗan. Ya sauya wurin da igiya ta kama ƙyauren. Ya manna guntuwar fata tana gogar gargaren don kada ya yi gudu. Na ba shi man gyaɗa ya shafa, tururuwa suka yi masa caa, sai ya koma baƙin man kamiyo. Wani abin ma ni ban ga bambancinsa ba, amma shi sai ya ɗaga da yatsa, ya karkata kai, ya ce da saura. Yana so ne duk inda aka saki ƙyauren ya tsaya nan, kada ya faɗo wa tsohuwa a ka, kada kuma ya tsere mata.

Ranar da ya gamsu, Inna ta shiga, ta jawo 'yar igiyar da ya sa mata daga ciki, ƙyaure ya sauko a hankali ya rufe. Muka tsaya muna kallo. Can sai muka ga ya ɗago, dutse na sauka, ga Inna tsaye da tafin hannunta ɗaya a jikinsa, ƙyauren ya zama mata 'yar rumfa a bisa kai. Ta koma ta rufe, ta sake buɗewa. Ta yi ta yi kamar yarinya ta sami abin wasa. Da ta gaji sai ta dubi bango ta ce a gaya wa wancan ya je ya ci abinci, ya rame. Mijina ya sunkuyar da kai ya fita da sauri. Ni na san hawaye ne suka fitar da shi.

Daga nan na koyi duban dutsen. In na fito da asuba na gan shi a ƙasa, Inna ta tashi. In yana sama daidai ƙirji, tana ciki ta rufe.

To a garinmu dutsen niƙa ba abin da ake neman izininsa ba ne tsakanin maƙwabta. Wadda nata ya lalace sai ta shigo ta ɗauka, ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce ta ɗauki dutse, shi ke nan. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta saba aron dutsen Inna tun kafin a kawo ni. Rannan nata ya tsage, ga suna a gidansu kashegari. Ta shigo da rana tsaka muna gona wajen sussukar gyaɗa, mijina na maƙera, Inna ta rufe tana ƙailula. Ta ga dutse a rataye ba ya aikin komai, ta ɗauka don kaji muka ɗaga shi. Ta kwance, ƙyaure bai motsa ba tunda a rufe yake, ta ce ta ɗauki dutse, ta ɗora a ka ta yi gaba. Kuma a duk ranakun duniya, ranar ce Kawu ya zo.

Na shigo da la'asar da kaya a kaina, na ga jakin Kawu a ɗaure, shi yana tsaye gaban ɗakin, ragaya na lilo ba komai a ciki. Ashe tun azahar Inna ke turawa, ƙyaure ya ƙi ko gezau, kuma ba ta kira kowa ba. Kawu ya duƙa zai ɗaga sai muryarta ta fito daga ciki.

"Kada ka taɓa mini ƙyaure. A dawo mini da dutsena."

Kawu ya miƙe ya ce, "Yaya, in da wuta ce fa?"

Wallahi gaskiyarsa ce. Na jefar da kayan na zura gidan maƙwabciya, don ita kaɗai ce za ta yi haka. Na tarar da ita durƙushe tana niƙa tana 'yar waƙarta. Na wanke ta tas, ita kuwa baiwar Allah sai salati take tana cewa ai ta faɗa da za ta ɗauka. Ta ɗauko shi a ka da garin a jikinsa, muka iso tare da mijina da labari ya kai masa. Bai yi gardama da kawunsa ba. Ya ce Kawu ya yi gaskiya, aikin ne da saura, don abin da hannu ya ƙulla hannu na iya kwancewa. Ya mayar da dutsen ya ja da baya.

Ƙyaure ya ɗago. Inna ta fito da buta rataye a sandarta, ta wuce ƙanenta kamar ba ta gan shi ba, ta yi alwala, ta rama azahar, ta yi la'asar, sannan ta juyo ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya amsa, ya tashi ya je ya sa yatsa ya sauke ƙyauren, ya ɗaga, ya tsaya ya daɗe yana kallon gargaren. Da safe ya hau jakinsa ya tafi bai ce za a tafi da ita ba, bai ce an fasa ba. A ranar mijina ya ƙera wa dutsen ɗamarar ƙarfe, ya sauya igiyar da sarƙa, ya ɗinke bakinta da guduma.

Zaman jiran nan ya ci Inna. Abinci ma sai ta taɓa ta ture. In ta ji kukan jaki a ƙofar gida sai ta daina abin da take yi. Na ce ko in ɗan haɗa mata kaya don kada a zo ba shiri, ta yi mini wani kallo, ban sake ba.

Sai da sanyi ya shiga sannan Kawu ya dawo, da jakuna biyu. Da na ga na biyun na ce shi ke nan, na ɗaukar Inna ne. Amma ba sirdi a bayansa, wani abu ne naɗe da tabarma, jakin na tafiya da ƙyar. Kawu ya kira samari suka sauke a zaure. Dutsen niƙa ne sabo, daga duwatsun can wajensu ya sa aka saro. Ya ce wannan na aro ne, duk mai so ta ɗauka, na yayarsa kuwa a bar mata shi yana da aiki. Inna ta ce masa shi da ma tun yana yaro ba ya iya yin abu sai ya tayar wa mutane da hankali tukuna, ta ce in dama masa fura.

Ta yi shekaru bayan haka tana buɗe abinta tana rufewa. Da damina gawon kan sha ruwa ya yi nauyi, sai mijina ya rataya 'yar jakar yashi a jikin dutsen, in rani ya yi ya cire. Ba ta taɓa neman ya yi ba, shi ke ganewa daga yadda take turawa.

Wata asuba na fito na ga dutse a sama. Na ɗora ruwa, na share tsakar gida, na sake dubawa, yana nan a sama. Na kira mijina. Ya zo ya tsaya gaban ƙyauren ya yi sallama, ya sake yi, sannan ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga. Daga cikin ɗakin aka ɗauke ta, kamar yadda ta ce.